Shaidar Kalilu Mai Ciyawa

Idan aka sallame sallar Asuba a masallacin bakin hanyar Zango, kowa da inda yake nufa. Masu shayi su hura wuta, masu lambu su ɗauki fartanya, malalata irina su koma su ƙarasa barcin da ladan ya katse. Malam Kalilu kuwa filin ƙwallo yake yi. Zai buɗe ƙaramar ƙofar langa-langa ta yamma, ya tuɓe takalmansa ya ajiye a bakin layi, ya shiga ciyawar haka nan. Ya faro daga wannan raga ya nufi waccan a hankali, ya juyo ta gefen sawunsa, ya sake komawa, har sai ya taka ko'ina.

Baƙo zai ɗauka motsa jiki tsohon yake yi, ko wani abu ne ya ɓace masa. Ƙaya yake nema. Ƙasar nan tamu ta tsidau ce da ƙarangiya, iska ta kawo, akuya ta kawo, kuma in sun shige cikin ciyawa ido ba ya ganinsu. Shi ya sa ya bar wa tafin ƙafarsa aikin. Duk inda ta soke shi sai ya durƙusa ya tono uwar har saiwa, ya jefa a buhun da ke rataye a kafaɗarsa. Auta, tsohon mai tsaron ragar ƙungiyarmu, ya taɓa ce mini: "Duk filayen da na faɗi a ƙasar nan, a namu ne kaɗai nake faɗuwa ba fargaba. Ƙayar da za ta soke ni da yamma ta riga ta soki Baba Kalilu da safe."

In ya gama da ƙaya sai ban-ruwa, ya ja tiyo daga wannan kusurwa zuwa waccan kafin rana ta yi zafi. Ranar wasa ya dama farar ƙasa ya ja layuka da igiya, a miƙe samɓal. Ciyawar kanta ba daga sama ta faɗo ba. Ƙiri-ƙiri ce da ya riƙa tonowa a fadama yana kawowa a kan jaki, yana dasa ta tsiro-tsiro kamar mai dashen shinkafa, mutane na wucewa suna cewa an samu wanda zai noma ciyawa a Daura da rani, Allah Ya ba shi lafiya. Ya ji su, ya ci gaba da dashensa, ciyawa kuwa ta kama.

A makon nan gwiwoyi suka ce sun gaji, Malam Kalilu ya ajiye aiki. Ba a ba shi lambar yabo ba, ba a kira sunansa a rediyo ba, kuma na san da yawa daga cikin samarin da ke buga wasa a filin nan ba su san sunansa ba, Baba mai ciyawa kawai suke cewa. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Don wallahi da ba don mutumin nan ba, inda suke buga ƙwallon nan da yanzu shagunan siminti ne da wurin wankin mota.

Ga wanda bai san labarin ba, filin na marigayi Alhaji Jamaluddeen ne, babban falken shanu, mutum mai son ƙwallo kamar me. Shi ya kafa ƙungiyar Gwarazan Kusugu da aljihunsa, ya kewaye gonarsa ta bayan gari ya mai da ita filin wasa, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗauko Kalilu daga lambu ya damƙa masa. Gwaraza suka yi ta hawa har suka shiga gasar ƙwararru. Mu da muka saba jin sunayen manyan birane a rediyo, sai ga motocinsu a ƙofar garinmu, suna shan kashi suna komawa. Da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan an rage kaɗe-kaɗen da ake yi a bakin fili, an kori masu caca a kan sakamako, aka tsayar da cewa ba a busa usur sai an yi La'asar. 'Yan wasa da 'yan kallo sahu ɗaya a gefen ciyawa, a sallame, a tashi a yi ta ihu har Magariba.

'Yan shekaru bayan haka Alhaji ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Babban ɗansa Uwaisu, ɗan kasuwa ne a Kano, shi ya zama wakilin magada. Kada wanda ya ɗauka mugu ne. Ƙwallo ce dai ba ta gabansa, kuma ƙungiya baki gare ta, kullum sai an ciyar da ita, ga ƙanne ƙanana a gida da iyaye mata. Da kaka ta yi sai labari ya fasu cewa wani attajiri daga can nesa ya sayi Gwaraza, da 'yan wasanta da gurbinta na gasa, zai sauya mata suna ya kai ta garinsu. Muka ce ƙarya ne. Sai da muka ga doguwar mota ta tsaya a ƙofar fili ana loda jakunkuna. Manya da gemu suka yi hawaye ran nan, ni ma ban fi ƙarfin haka ba. Kalilu yana tsaye riƙe da tiyo, 'yan wasan suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa suna yi masa sallama, yana cewa, "Allah Ya tsare, ku kula da ƙafafunku, can ba wanda zai tsince muku ƙaya."

Filin bai shiga cinikin ba, mai saye ya ce ba ya da abin yi da shi. Ya zama cikin dukiyar gado, kuma kowa ya ji abin da Uwaisu ya shirya: a yanka shi fulotai, gaba shaguna, baya gidaje.

Nan ne Badaru ya shigo. Badaru shi ne shugaban magoya baya, mutumin da ya taɓa bin Gwaraza a bayan motar shanu don kada wasa ya wuce shi, mai zuciya ɗaya amma mai zafin kai. Wani ya raɗa masa cewa a Shari'a in mutum ya ba da abu waƙafi, wato ya sadaukar da shi don amfanin jama'a, to ya fita daga gado, ba mai sayarwa, ba mai rabawa. Abin da ake buƙata shaidu biyu da suka ji da kunnensu. Badaru ya ce shi ɗaya ne, ko bai ji ba ya ji. Na biyu kuwa dole ya zama wanda alƙali ba zai yi shakkarsa ba, wanda kowa ya san yana tare da marigayi a filin safe da yamma. Wa ke nan in ba Kalilu ba?

Badaru da mutanensa suka same shi da hantsi yana wasa lauje a gindin darbejiya. Badaru ya durƙusa, ya gaishe shi da kyau, ya warware masa zance.

Kalilu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Badaru, ni ban ji Alhaji ya faɗi haka ba."

"Haba Baba! Ai kowa ya san abin da ke ransa ke nan. Da ya san tafiya ta zo da ya faɗa. Mu ƙarasa masa kawai za mu yi."

"Wataƙila. Amma ban ji ba."

"Ko rantsuwa ba lallai a sa ka ba fa. Kalma ɗaya ce. Ka dubi yaran garin nan, in aka yanka filin nan ina za su? Kai kanka ina za ka? Ciyawar nan da ka dasa da hannunka, ka yarda katafila ta bi ta kanta?"

A nan Shatu matar Kalilu ta ce mini ta san an taɓa shi inda yake masa ciwo, don ya dawo gida ran nan bai iya cin tuwo ba. Amma abin da ya gaya wa Badaru, waɗanda ke wurin sun riƙe shi: "Ina son filin nan fiye da kai, ka yi haƙuri da na faɗa. Amma akwai marayu a gidan nan, har da wanda bai san fuskar ubansa ba. In na faɗi abin da ban ji ba, filin ya zama na ƙwace. A gefensa muke La'asar. Ni ba zan iya sa goshina a ƙasar da na ƙwace wa maraya ba."

Badaru ya tashi ya kaɗe riga. Duk da haka ya shigar da ƙara, ya kuma ba da sunan Kalilu a matsayin shaida, yana ganin in tsohon ya ga idon jama'a a kansa kunya za ta sa ya bi. Bai san mutumin da yake gaisawa da shi kullum ba.

Ina cikin kotun ran nan, a bencin baya, an cika maƙil har tagogi. Alƙali ya ja wa Kalilu kunne ya ji tsoron Allah, ya tambaye shi ko ya taɓa jin marigayi ya ba da filin waƙafi.

"Allah Ya gafarta Malam, ban ji ba."

Ɗakin ya ɗauki gunaguni. Alƙali ya tsawatar, ya ce to me ya ji?

"Zuwansa na ƙarshe, ciwo ya riga ya kama shi, ya ce mini, 'Kalilu, in na samu sauƙi akwai maganar da zan yi a kan filin nan.' Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai sake dawowa ba."

Badaru ya miƙe zumbur. "To ai shi ke nan! Waƙafin yake nufi!"

Alƙali ya dubi Kalilu. Duk ɗakin muka dube shi, wallahi har da ni, ina addu'a a raina ya ɗan gyaɗa kai kawai. Ya ce, "Allah ne Ya san abin da ke ransa. Ko waƙafi, ko sayarwa, ko gyaran katanga, ni ban sani ba."

Alƙali ya ce maganar da ba a furta ba ba ta zama waƙafi, fili na magada ne. Aka watse.

Kai jama'a, mutanen garinmu in suka so ka sun so ka, in suka juya maka baya kuwa sai ka ji sanyi har ƙashi. Mutumin da ake rige-rigen gaisarwa, ya zama in ya doso teburin mai shayi sai hira ta mutu. Aka ce an saye shi, an yi masa alkawarin kujerar Makka. Aka ce an ba shi fuloti a ɓoye. Wani marar kunya ya rubuta "maci amana" da gawayi a jikin ƙofar langa-langar nan, Kalilu ya sa tsumma ya goge ya shige aikinsa. Shatu ta je suna a maƙwabta, matan da suka girma tare suka matsa mata a tabarma kamar mai ƙyanda. Ta dawo tana kuka, ta ce masa, "Malam, da ka yi shiru ma ai da ya fi." Ya ce, "An tambaye ni ne, Shatu."

Uwaisu ya aiko a gaya masa akwai aikin gadi a ɗakin ajiyarsa na Kano, ga ɗaki ga abinci, ya zo ya huta. Kalilu ya ce a yi masa godiya, amma in ya karɓa ya gaskata masu cewa an saye shi, kuma shi ba don Uwaisu ya faɗi abin da ya faɗa ba.

Kai ne, Malam Kalilu, ka rasa ƙungiya, ka rasa albashi, ka rasa gaisuwar mutane, duk a kaka ɗaya, kuma da gari ya waye ka tuɓe takalmi ka shiga neman ƙaya a filin da ba wanda zai buga wasa a kai. Na tambaye ka dalili daga baya, ka dube ni kamar na yi tambayar wauta, ka ce, "Alhaji ya ce in kula da shi, kuma ba wanda ya zo ya ce in daina."

Janareton burtsatse ya yi shiru tunda ba mai zuba masa mai. Akwai tsohuwar rijiya a kusurwar gabas tun filin yana gona, ita ya yashe, ya koma guga. Mutum ɗaya ba ya shayar da filin ƙwallo da guga, shi ma ya sani. Ya ce ba kore yake nema ba, saiwa yake so kada ta mutu, ya riƙa bi yanki-yanki, yau nan gobe can. Wajen rijiyar ne kaɗai ya tsaya shar, kuma wannan yankin yana da masu shi. Tun zamanin Alhaji duk ciyawar da Kalilu ya yanka ba ya zubarwa, ba ya sayarwa. Matan unguwar da ke kiwon ragunan layya, yawancinsu zawarawa da tsofaffi, su yake tara wa, don ɗanyar ciyawa da rani sai mai gata. Babbarsu Iya Barakatu, tsohuwa mai baki kamar reza, ita kaɗai ce ba ta daina gaishe shi da ƙarfi a bainar jama'a ba. Ita ta ba shi aron jakinta da jarkoki, ta ce wanda ya ga dama ya mutu da haushi.

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, Uwaisu ya iso da masu awo da turakun ƙarfe a bayan mota. Ya tarar da tsoho yana jan guga, Barakatu na ɗaure dami. Ya yi turus. Ya ce, "Baba, me ya kawo wannan wahala? Wurin da za a tone?"

Kalilu ya ajiye guga, ya goge hannu. "Alhaji ƙarami, fili naku ne, da bakina na faɗa a gaban alƙali. Abu ɗaya nake roƙo. A ƙasar nan ko aron gona aka ba mutum, ba a karɓa da shuka a tsaye, sai ya girbe. Ka bar mu mu girbe."

Uwaisu ya yi 'yar dariya. "Baba, ciyawa ce fa, ba gero ba."

Ai kuwa Barakatu ta saki dami. "Ciyawa ce? Zo ka gaya wa ragona ciyawa ce! Kai Uwaisu, ina ganinka tun kana yawo ba wando. Matan unguwar nan duk abin da suka mallaka yana ɗaure a turke yana jiran Sallah, kuma wannan ce gonarsu. Ubanka ya ba da aron gonaki ba iyaka, ka taɓa jin ya tayar da mutum kafin kaka? Kano ce ta koya maka haka?"

Masu awo suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Uwaisu ya dubi tsohuwar, ya dubi mutumin da ya ja wa kansa baƙin jinin gari don kada a ci haƙƙin gidansu. Ɗan halak ne, na faɗa tun farko. Ya ce a mai da turaku mota, sai bayan Sallah.

Jinkiri ne kawai, kowa ya sani, Kalilu ma bai sa rai da komai ba. Amma Sallah tana tara dangi. Cikin waɗanda suka zo gida har da Maijidda, ƙanwar Uwaisu, malamar makaranta da ke aure a Zango. Ba ta je kotu ba, labari ya iske ta gutsi-gutsi, kuma abin da ta riƙe shi ne mutanen gari sun haɗa kai za su cinye musu gado, mutum ɗaya ya hana. Washegarin Sallah da hantsi ta sa mijinta ya kawo ta filin. Tun da aka haife ta ba ta taɓa shiga ba, don mata ba sa zuwa kallo, ihun kawai take jiyowa daga tsakar gida.

Ta gaishe shi a durƙushe, ta ce, "Baba Kalilu, an ce mahaifina ya ce akwai maganar da zai yi. Ni ba alƙali ba ce, 'yarsa ce. Don Allah gaya mini, me kake jin yake nufi?"

Ga dama ta biyu ta zo har inda yake, ba kotu, ba shaida, ga yarinya da hawaye a ido tana roƙon a gaya mata abin da kowa ke so a faɗa. Ya ce, "'Yata, da na sani da na gaya miki. Ban sani ba, kuma ba zan sa wa mamaci magana a baki ba. Abin da idona ya gani dai zan iya faɗa."

"Faɗa mini."

"Direba ya riƙo shi ya fito daga mota. Ya ce in cire masa takalmi. Ya taka ciyawar nan daga nan zuwa tsakiya, yana dafe da kafaɗata, ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Yaran Tudun Wada sun tsallako katanga suna buga ƙwallon tsumma a can gefe, na tashi zan kore su, ya ce in bar su. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya faɗi maganar nan, muka mai da shi mota."

Mijinta ne ya ba ni wannan labari. Ya ce da Kalilu ya gama, sai Maijidda ta ce, "Da wani ne ya gaya mini haka a garin nan, da na ce dabara ce. Amma kai an ba ka dama ka ƙara gishiri a gaban alƙali ka ƙi. Maganar da Baba bai ƙarasa ba, ni zan yi tawa a madadinta."

Ba a sha da sauƙi ba. An kwana biyu ana kai ruwa rana a gidan, don rabon mace bai kai ya ɗauke fili irin wannan ba. Maijidda ta ce a cire ta daga shagunan kasuwa da garken shanu, a ba ta nata a filin. Mahaifiyarta ta ɗora nata kason na takaba a kai. Malaman da ke rabon suka tabbatar ba a taɓa ko taƙi na ƙananan marayu ba. Uwaisu ya riƙe bakin titi, inda rumfar 'yan kallo ta gabas take, ya ce nan kam sai shaguna. Sauran kuwa, daga raga zuwa raga har da rijiya, uwa da 'ya suka je gaban alƙalin nan dai, da shaidu na gaskiya, suka furta da bakinsu cewa waƙafi ne ga matasan Daura, ladan Allah Ya kai kabarin Alhaji Jamaluddeen.

Ranar da labarin ya fito na ga mutane suna sauke ajiyar zuciya kamar an sauke musu buhu. Ba komai ne ya dawo ba, kada in yi muku ƙarya a rubutun da nake yabon mai gaskiya. Gwaraza sun tafi ke nan, suna can da wani suna da wata riga, in an ambace su a rediyo har yau wasu kashewa suke yi. An rushe rumfar gabas, yanzu masu sayar da taya ne a wurin. Amma fili yana nan. Unguwanni suka haɗa gasar kansu, 'yan kasuwa suka ɗauki nauyin man janareto, kuma da ruwa ya sauka, saiwar da aka yi ta bi da guga ta farfaɗo gaba ɗaya.

Badaru bai yi nauyin ƙafa ba, wannan na yaba masa. A teburin mai shayin da aka riƙa kashe hira, a nan ya durƙusa gaban Kalilu, ya cire hula, ya ce, "Baba, na nemi ka yi ƙarya ka ceci filin nan, ka ƙi, ashe ƙin ne zai cece shi. Ka yafe mana." Kalilu ya ce ya tashi, shayinsa na hucewa. Matan da suka matsa wa Shatu a tabarma kuwa har yau ba su ce komai ba, sai dai kwanon da suke aiko mata ya ƙara girma.

Kalilu na Shatu, mai tafin ƙafar da ƙaya ta sani! Kai ne aka ba ka zaɓi tsakanin abin da ka fi so a duniya da kalma ɗaya ta ƙarya, ka zaɓi ka rasa shi. Ba ka san Maijidda za ta zo ba. Da ba ta zo ba, da katafila ta bi ta kan ciyawarka, ka mutu ana ce maka maci amana, kuma na tabbata ko da ka san haka amsarka ba za ta sauya ba. Wannan ne abin da nake jinjina wa. Mun gode, Baba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwoyin nan sauƙi, Ya sa ka gama lafiya.

Mu kuma da muka rage, musamman masu riƙe da kayan jama'a da masu tsayawa shaida, ga abin koyi a bakin hanyar Zango, ba sai mun je nesa ba. Kowa yana iya ƙin ƙaryar da za ta cuce shi. A gwada ƙin wadda za ta amfane ka, ta amfani garinku, kowa yana roƙonka ka yi ta. Wanda ya ga zai iya, ya je ya gaida tsohon nan tun yana da rai, ya ga yadda irinsu suke.

Shekaranjiya aka yi ɗan taron ban kwana a bakin fili. Malam Kalilu ya miƙa mabuɗi ga Sama'ila, tsohon mai tsaron bayan Gwaraza da ya dawo gida bayan ya bar wasa. Aka ce Kalilu ya yi jawabi, ya ce ba ya da shi. Sai Auta ya tambaye shi, cikin raha, yanzu da ya huta me zai riƙa yi da yamma.

Ya ce, "Kallon ƙwallo zan yi."

Aka fashe da dariya. Mutumin da ba wasan da aka taɓa bugawa a filin nan ba ya wurin?

Ya ce, "Wallahi ban taɓa kallo ba. Ku kuna bin ƙwallo, ni ina bin inda takalmi ya tone, don in san inda zan gyara da safe. In kun yi ihu ne nake sanin an ci."

Dariyar ta tsaya. Gobe bayan La'asar unguwar Sabon Gari za ta kara da unguwar Sarkin Yara, an ajiye masa kujera a inuwar darbejiya, daidai tsakiya. Ɗaga kanka ka kalla, Baba Kalilu. Filin yana nan, kuma na halak ne.